Ba Karatu, Ba Caji

Laburaren Ushafa, can gefen Abuja, ɗaki biyu ne da baranda, a bayan makarantar firamare. Shekara da shekaru ba mai shigarsa sai Madam Prudence mai kula da shi, da ƙadangaru, da wani tsohon malamin makaranta, Mista Thaddeus, da ke zuwa karanta jaridar makon jiya. Ana nan sai wani bawan Allah ya kafa wa laburaren sola. A watan ne kuma taransifomar unguwa ta ƙone ƙurmus. Kafin a ce kwabo, mutanen da ba su san launin ƙofar wurin ba duk suka zama masoya ilimi, kowa da waya a hannu da igiyar caji a aljihu.

Madam Prudence ba a yi mata wayo. 'Yar Kagoro ce, gajeruwa, tabaraunta na rataye a wuya da zare. Kwana uku ta zuba ido, a na huɗu ta sami kwali ta yi rubutu, layi ɗaya manya, layi biyu ƙanana a ƙasa, ta manna a saman soket. Mista Thaddeus ya karanta babban layin da ƙarfi, “Ba karatu, ba caji!” Dariyar jama'a ta hana shi ƙarasa sauran.

“Ba wasa nake ba,” in ji Madam. “Ka jona waya, ka ɗauki littafi. Kafin ka cire, ka gaya mini abin da littafin ya ce.”

Kowa ya yi dariya ban da Manniru.

Manniru mai keke mai ƙafa uku ne, yana jigila tsakanin Ushafa da maƙwabciyarta Dutse, kuma duk kwastomominsa ta waya suke nemansa. Kullum akwai biro biyu a aljihun rigarsa, ja da shuɗi. Sai dai a aji biyu na firamare ya yi sallama da makaranta, kuma in ban da lambobi, babu abin da yake ganewa a takarda. Wannan ba abin kunya ba ne da a ce bai riga ya gaya wa matarsa Ummukulthum, tun yana neman aurenta, cewa ya gama sakandare a Malumfashi ba. Shekara goma sha biyu ke nan yana kiwon wannan ƙarya kamar akuya, kullum sai ya nemo mata ciyawa. In takarda ta zo gida, idonsa ke ƙaiƙayi. In an turo masa saƙo, sai ya ce rubutu ɓata lokaci ne, a yi masa murya. Ga shi kuma Ummukulthum a daidai tagar laburaren take suyar awara, duk abin da aka faɗa a ciki a kunnenta yake sauka.

Ya yi tunanin kai wayar Dutse, ya tuna can ma ba wuta. Ya ce a ransa, komai ta fanjama fanjam, ya shiga ya jona. Ya bi kanta yana shafa littattafai kamar mai zaɓen kankana, har ya sami wani na Turanci mai hoton tarwaɗa a bango, ƙatuwa, da gashin baki irin na tsohon ɗan sanda. Ciki ma hotuna ne jingim. Ya zauna, ya murtuke fuska, yana juya shafi duk lokacin da na kusa da shi ya juya.

Da wayar ta cika ya lallaɓa zai zare, sai ya ji muryar Madam a ƙeyarsa.

“Oga Manniru, me ka karanta?”

“Labarin wata tarwaɗa ce, Madam.”

“Me ta yi?”

Ya saci kallon shafin da ke buɗe. Kifi ne a cikin bokitin roba.

“An sa ta a bokiti. Wato ta hau mota ke nan. Daga ƙauye za ta Abuja neman aiki, kawunta ya ce mata yana da hanya a ma'aikata.”

Madam ta ɗora tabarau a hanci ta dube shi, ta dubi littafin, ta sake dubansa.

“Ta sami kawun?”

“Tana isa tasha ya kashe waya.”

Wani tela da ke jiran soket ya tuntsire da dariya, ya ce wallahi kawun nan nasa ne. Madam ta ce, “Cire wayarka. Gobe za mu ji.”

Haka aka fara. Kowace la'asar Manniru zai ɗauko littafin, ya dubi hoto, bakinsa ya ƙarasa sauran. Hoton kifaye cunkushe a tanki ya zama ɗakin haya a Mararaba, su goma sha biyu a kududdufi ɗaya, ana kwana bi da bi. Shafin da ke cike da layukan lambobi ya zama jerin waɗanda aka ɗauka aiki, Tarwaɗa ta duba daga sama har ƙasa, duk 'ya'yan ragon ruwa ne. Ta je ofis sau tara, sau tara masinja, wani kwaɗo mai tumbi, yana ce mata oga ba ya kan kujera, ga dai kwat ɗinsa nan a rataye. Ranar da Manniru ya ga hoton wani mutum da koma a hannu, ya ce masu rusau ne suka shafa wa kududdufin jan fenti, wata tsohuwa mai ginin tukwane da ke cikin masu sauraro ta share ƙwalla, domin ita ma daga Karmo aka taso ta.

Cikin mako uku baranda ta daina ɗaukar mutane. Wasu ma ba su zuwa da waya. Ummukulthum takan rage wutar kasko ta jingina da taga, in an yi dariya ta ce wa mai sayen awara, “Baban Nabilah ne ke karantawa.” Duk lokacin da Manniru ya ji haka, sai ya ƙara ɗaga murya, ya kuma ƙara ƙanƙame littafin.

Sai ga Makon Karatu ya zo. Madam ta sanar cewa ranar Asabar Dokta Maitama, wani darakta, wanda shi ne ya ba da solar, zai zo da kansa, kuma gwarzon mai karatu na bana zai tashi ya karanta a gabansa. Ba ta ma faɗi suna ba aka hau tafi ana kallon Manniru.

Ya bi ta har teburinta.

“Madam, idona ne. Kwana biyun nan hazo-hazo nake gani.”

Ta jawo kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da tabarau na agaji. “Zaɓi.”

“Kuma ranar Asabar ina da lodi zuwa Bwari.”

“Bwari ba za ta gudu ba.” Ta sassauta murya. “Oga Manniru, akwai abin da kake so ka gaya mini?”

“Babu, Madam.”

“Ka karanta dokar nan tawa duka kuwa? Har ƙasa?”

“Haba Madam, sau nawa!”

A gida ya tarar da Ummukulthum ta riga ta kai ɗinki, ta kuma kira yayarta daga Zuba. Ya kwanta ya ce zazzaɓi, ta dafa masa ganyen darbejiya, ya sha kofi ɗaya ya warke don dole.

Ranar Asabar aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, masu tukwane suka kawo wa baƙo tulu mai zane. Dokta Maitama ya iso a makare da awa biyu, cikin farar shadda, waya biyu a hannu. Aka yi addu'a ta Musulunci, aka yi ta Kirista, sannan aka miƙa wa Manniru littafi da makirfo. Ya sa tabarau na agaji, duniya ta dagule masa gaba ɗaya, ya ce ai shi ke nan, dama ba gani zai yi ba.

Ya buɗe baki, Tarwaɗa ta cece shi. Ya ba da labarin ranar da ta ari kwat ɗin ƙarfasa don zuwa intabiyu, gosulo ya riƙe ta a Nyanya tun asuba har ta isa an tashi. Yana yi yana bin layi da yatsa, yana juya shafi da yawu. Dokta ya ajiye wayoyinsa duka biyu, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Da aka gama tafi, Dokta ya karɓi makirfo.

“Wannan littafi na taɓa karanta shi a jami'a,” ya ce, “amma na manta daɗinsa ya kai haka. Madam, ki rubuta mini sunansa, zan sayo kwafi hamsin, kowane gida ya samu. Wannan na hannunka kuwa, malam, ina uwargida? A ba ta ta kai gida, ta riga kowa jin ƙarshe.”

Ummukulthum ta taso cikin sabon ɗinki, yayarta na rangaɗa guɗa. Ita fa ta yi sakandare ta gaske, har da sakamako a cikin akwati. Manniru ya ga hannunta ya miƙo, ya hango kwafi hamsin a gidaje hamsin, yara 'yan makaranta na buɗewa suna neman kwaɗo masinja. Ya rungume littafin a ƙirji.

“Kawo mana, Baban Nabilah.”

Ya cire tabarau. Ya manta makirfo na kusa da bakinsa.

“Ummu, ban iya karatu ba. Ban yi sakandare ba. Ban san abin da ke cikin littafin nan ba, hoto kawai nake kallo. Tarwaɗar nan duk ni na ƙirƙire ta.”

Yayar Ummukulthum ta haɗiye guɗarta. Dokta Maitama ya yi gyaran murya, ya ɗauki waya ɗaya ya shiga dubawa da gaggawa.

Mista Thaddeus ne ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

“Littafin koyon kiwon kifi ne,” ya ce. “Tun makon farko na are shi ranar Lahadi don in riga ku sanin ƙarshe. Ban sami kawu ba, ban sami kwaɗo ba. Amma yanzu ina da 'ya'yan tarwaɗa ɗari biyu a bayan gida, kuma suna cin abinci lafiya.”

“Shi ne ba ka faɗa ba, Baba Tica?” in ji tela.

“In faɗa in kashe labari? Kai ma dai.”

Manniru bai ji dariyar da aka yi ba, matarsa kawai yake kallo. Ummukulthum ta gyara mayafi.

“Ka gama, Baban Nabilah? Ka tuna wasiƙar da ka aiko mini kafin a kawo kayan gaisuwa? Mai shafi uku, mai zanen fure?”

“Na tuna.”

“Wanda ya rubuta maka ya sha'afa. A ƙasa cewa ya yi, naki har abada, Abdulmajeed mai fotokwafi. Tana nan a akwatina.”

“Shekara goma sha biyu kin sani?”

“To me zan ce? Na ga kana wahala da abinka, na ce kar in ɓata maka.” Ta karɓe littafin ta miƙa wa Madam. “Ni ba mai fotokwafi na aura ba. Yanzu dai gaya mana, ta sami aikin ko ba ta samu ba?”

“Ƙwarai!” in ji tsohuwa mai tukwane. “Mako uku muna bin kifin nan, ba inda za ka sai ka sauke mu.”

Manniru ya share gumi da hula. A karo na farko ba littafi a hannunsa, ya rasa inda zai sa yatsa, sai ya cusa shi a aljihu. Ya ce a ƙarshe an kira Tarwaɗa wani lambun shaƙatawa a Wuse, aka sa ta a baho tare da sauran masu nema, wani oga ya zo ya nuna ta ya ce wannan nake so. Tana murna, sai ta hango mai farfesu yana wasa wuƙa. Mata suka ɗora hannu a ka. Ya ce sai ta yi tsalle ɗaya ta faɗa kwata, ta bi ruwa, ta bi ruwa, har ta ɓulla dam ɗin Usuma, nan bayan duwatsunmu, kuma har yau tana can, ta buɗe ɗan shagonta, ba ta jiran kiran kowa. Aka yi tafi har Dokta, wanda ya ce a bar maganar kwafi hamsin tukuna, za a duba.

Ran Talata da la'asar Madam ta nuna wa Manniru benci a ɗaki na biyu, inda ashe take koyar da manya karatu. Su biyar ne, har da telan nan, wanda ya sunkuyar da kai ya ce shi rakiya ya yo. Biro shuɗi ya fara aiki bayan shekaru yana hutu a aljihu.

Wata biyu bayan haka, an gyara taransifoma, amma baranda ba ta rabu da mutane ba. Wata rana Manniru ya jona wayarsa, ya ɗaga kai ya ga kwalin Madam, gefensa ya fara naɗewa. Ya karanta babban layin a hankali. Sannan ya sa yatsa a kan ƙananan, yana haɗa baƙi da baƙi, leɓɓansa na motsi.

“Wan-da bai i-ya ba, ya yi mi-ni ma-ga-na a ɓo-ye. A-kwai a-ji ran Ta-la-ta. Ɗa-li-bai su yi ca-ji ba tam-ba-ya.”

Ya sake karantawa. Sannan ya leƙa ta taga.

“Ummu, kin san abin da aka rubuta a ƙasan nan?”

“Tun ranar da aka manna,” ta ce, tana juya awara. “Da yaji ko ba yaji?”