Abin da Tela Bai Auna Ba

Tela mutum ne da bai yarda da ido ba, sai tef. Ko kankana zai saya, da za a ƙyale shi sai ya auna ta. To, ranar da likita ya ce ciwon bayan matarsa daga durƙuson girki ne a gaban ɗan murhunta na ƙasa, sai ya ƙudura a ransa zai saya mata murhun gas irin na gidajen abinci, mai kai shida, wanda ake girki a tsaye.

Kwana uku yana awo a ɓoye. Ya auna bangon kicin, ya auna ƙofa, ya auna lungun da tukunyar gas za ta zauna. Duk ya rubuta a littafin awonsa, tsakanin wandon wani direba da rigar wani malamin makaranta.

Ran Asabar ya ce ta shirya su fita. Sai ga ta rungume da babbar tukunyarta, ludayi a ciki yana ƙara.

"Ina kuma za ki da wannan?"

"Malam, kwana uku kana rarrafe a kicin ɗina da tef a wuya. Makauniya ka ɗauke ni?"

A shago, murhun da Tela ya zaɓa yana tsaye a tsakiya, sai ƙyalli yake kamar sabuwar mota. Mai shago ya bubbuga shi. "Hajiya, wannan ko ɗan maraƙi kika ɗora masa ba zai yi gezau ba."

Ta ɗora tukunyar, ta matso. Bakin tukunyar ya zo mata daidai hanci. Ta yi ɗage, ta miƙa wuya, ta ɗaga ludayi kamar mai kakkaɓo mangwaro.

"Akwai tsani a ciki, ko daban ake sayarwa?"

Mai shago ya yi tari. "Ai sai a sa ɗan benci..."

"In hau benci da tafasasshen ruwa? Malam, mu je gida. Ɗan murhuna bai taɓa raina tsayina ba."

Tela ya zaro littafin awonsa. In ta koma gida a haka, ta koma durƙuso ke nan, kuma shi ya san yadda take dafa bango kafin ta miƙe. Ya buɗe littafin, ya bi layi-layi. Bango na nan. Ƙofa na nan. Har kwatar wanke-wanke na nan. Shekara talatin yana ɗinkin maza, ya san faɗin kafaɗar rabin unguwa a ka, amma mai kicin ɗin bai taɓa ɗora mata tef ba.

Ya zare tef daga wuyansa. "Tsaya cak. Lanƙwasa hannu kamar kina juya miya."

"A gaban mutane? Malam, lafiyarka kuwa?"

"Kar ki motsa, kina ɓata mini awo."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙas. Ya auna daga gwiwar hannunta zuwa ƙasa, ya auna zurfin tukunya, ya cire wannan daga wancan yana motsa leɓe. Sannan ya shiga bin murhunan shagon ɗaya bayan ɗaya, mai shago na biye da shi yana "wannan fa, wannan fa", shi kuwa sai girgiza kai.

Can baya, kusa da kwalaye, ya tarar da wani baƙi mai kai uku, gajerun ƙafafu masu kauri, ba ƙyalli ko kaɗan. Ya auna sau biyu don kar a yi abin kunya.

Ta ɗora tukunyar. Ta leƙa, ta ga ƙasan tukunyar tas. Ta juya ludayi a cikin tukunyar da ba komai, bayanta a miƙe sak, ta sake juyawa.

"Wutarsa fa?"

Mai shago ya kunna. Wutar ta tashi shuɗiya, tana huci.

"Mummuna ne," in ji ta. "A ɗaure mana shi."

Tela ya ɗan waiwayi mai kai shidan, wanda ya riga ya cika wa abokan sana'arsa baki a kansa. Ya lashi bakin fensir, ya rubuta awonta a sabon shafi.

Ta leƙo ta kafaɗarsa. "To, tunda na samu shiga littafi, saura riga."