Dirkokin Gidan Gwaggo Tam

Tun da Gwaggo Tam Luwa ta yi wayo, gidajen ƙauyensu a kan dirkoki suke. In damina ta yi nisa, kogi ya cika ya shigo gonaki ya kwanta, sai a kwance kwalekwale daga ƙarƙashin gida a shiga kamun kifi. In ya janye ya bar laka, shinkafa ta samu abinci. Marigayi mijinta kuwa duk shekara sai ya sa adda ya yi tsaga a jikin dirkar gaba, daidai inda ruwa ya tsaya. Ba wanda ya taɓa kiran abin nan ambaliya.

Sai ga masu tsara ruwa daga lardi, da takalmansu masu sheƙi, suka sanar da jama'a cewa ashe duk zaman nan cikin bala'i suke, ba su sani ba. Aka zagaye ƙauyen da jinga, wato gini mai tare ruwa, aka ce an raba su da ruwa har abada. Aka shiga noman shinkafa sau uku a shekara. Takin da kogi ke kawowa kyauta ya koma zuwa a buhu, kifi kuma sai a kasuwa.

Shugaban ƙauyen, Kiem, ɗan ƙanenta ne, mutum ne wanda in na sama suka ce tsuguna, shi sai ya kwanta. Ya bi gida gida yana sa a yanke dirkoki a zuba daɓen siminti, har ya rage saura gida ɗaya.

"Haba Gwaggo," ya ce daga gindin tsani, "ke kaɗai kika rage a sama kamar kaza a kan danga. Lardi sun ce ba lambar ci gaba muddin akwai gida mai ƙafafu a garin nan."

"Lambar nan, ana miya da ita?"

"Ratayawa ake yi."

"To je ka rataya ta a kunnenka, ɗan nema. A ƙarƙashin gidan nan ka koyi iyo, tsirara."

Kiem ya ɗauki hoton gidan, ya aika lardi a matsayin misalin ci baya. Lasifikar ƙauye ta shiga ambaton "wasu tsofaffi masu taurin kai" kowace safiya. Duk wannan bai dame ta ba. Abin da ya ci mata rai shi ne Nam Huwe, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta daina hawowa shan shayi, in sun haɗu a kasuwa ma sai ta duƙa tana taya kabewa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wata safiya Gwaggo Tam ta sauko ta ce a kawo zarto.

Ta juya baya har aka gama. Kiem ya kwashe dirkokin, wai don kada su tare mata hanya, kwalekwalen kuma aka cika shi da ƙasa aka dasa furanni a ƙofar ofis. Teburin girmama kakanni, da hoton mijinta da kaskon turare, ya sauko daidai da karnuka. Ta yi kuka, ba ta ɓoye ba. Lamba ta iso, aka yi kiɗa aka rataya.

To, ruwa dai ba ya karanta tsari. Da aka hana shi gonaki a nan da sauran ƙauyuka, sai ya miƙe ya nufi birni, ya shiga falon manya ba sallama. Nan da nan masana suka gano sabon ilimi: dole a samar wa kogi wurin hutawa. Suka duba taswira, yatsa ya sauka a kan ƙauyen Gwaggo Tam, aka raɗa masa suna rumbun ruwa. Damina na zuwa aka buɗe ƙofofin jinga.

Ruwa ya shigo ɗakinta har gwiwa. Ta sa hoton mijinta a roba ta ɗora a ka, don babu sauran wuri mai tudu a gidan. A haka lasifika ta kira kowa bikin ƙaddamar da shirin Zama Lafiya da Ruwa, a haka kuma Gwaggo Tam ta je.

An kafa dandamali mai tsawo a filin makaranta. Baƙi na sama, takalma a bushe, jama'a na ƙasa, zane a naɗe. Bayan baƙin an shimfiɗa ƙaton ƙyalle mai hoton wani gida a kan dirkoki. Gwaggo Tam ta ƙura ido, ta gane tukunyarta a bakin tsani.

"Ku dubi hikimar kakanninmu!" in ji babban jami'in. "Wannan shi ne gidan gobe. Ina mai gidan nan? A fito a karɓi lambar yabo."

Kiem ya shiga neman wani abu a aljihu. Nam Huwe ta sunkuyar da kai. Gwaggo Tam ta keta ruwa har gindin dandamali, a nan ta ga tsage-tsagen adda jere a jikin katakon da ke riƙe da shi.

"Sannu Iya," jami'in ya leƙo. "Bayan taro za ki kai mu mu ga gidan."

"Ba sai kun wahala ba, ranka ya daɗe. A kansa kuke tsaye." Ta juya wajen jama'a. "Wa ke da adda?"

Mai sayar da kwakwa ya miƙo tasa. Manya suka ja da baya, har wani ya haye kujera. Ita kuwa ta dafe robar da hannu ɗaya, ta duƙa, ta yi wa dirkar tsagar bana daidai bakin ruwa.

"Ka gani, tsoho," ta ce da hoton da ke kanta, "bana ma bai kai na shekarar aurenmu ba."

Ta mayar da addar, ta kama hanyar gida a hankali, tana laluben ƙasa da ƙafa.