Dabinon Iya Gaji

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa Kano, gyaɗa da fatu suka yi daraja, wani attajirin birni mai suna Maharazu ya buɗe reshen gidan cinikinsa a Dutse. Ya aiko da sikeli da jakuna goma sha biyu da wakili, wani dogon mutum mai saurin magana da ake kira Ɗanmusa. Abin da gidan ya rasa shi ne wanda ya san shari'a. Sau biyu a shekara ɗaya aka kai su gaban alƙali, sau biyu suka dawo da kunya, domin Ɗanmusa yakan ƙulla magana a bakin kasuwa ba takarda ba shaidu.

A unguwar Limawa ta Dutse kuwa akwai Malam Nata'ala, wanda ya yi shekara goma sha huɗu a Kano yana karatun fiƙihu. Da ya dawo ya tarar wansa ya gaji makarantar mahaifinsu, gonar gado kuma ba za ta ci da gida biyu ba. Ga ilimi, babu hatsi. Sai Maharazu ya ɗauke shi malamin gida: shi zai rubuta yarjejeniya, ya nemo shaidu, ya kuma faɗa wa wakili abin da shari'a ta hana tun kafin a aikata. Ana kai masa gero da dawa duk kaka, da riga duk Sallah.

Malam yana da 'ya guda, Mu'minatu, mai shekara tara. Ta san sarai daga inda tuwon gidansu yake fitowa, don ba ta manta da shekarar da suka yi kafin jakin Ɗanmusa ya fara tsayawa a ƙofarsu ba.

A shekara ta biyu gidan cinikin ya nemi fili a Yalwawa, kusa da gari, don gina ɗakin ajiyar gyaɗa. Wani manomi, Barau, ya saki gonarsa, dagaci ya amince, Malam ya rubuta takarda da iyakoki huɗu da shaidu biyu. Bayan mako guda, suna zaune a tsakar gida bayan la'asar, ya ce wa matarsa gobe zai yi sammako, za a sare dabino biyun da ke tsakiyar filin a fara haƙa tushe.

Mu'minatu ta ɗago daga waken da take tsincewa. "Baba, na Iya Gaji?"

"Na Barau. A gonarsa suke."

"Gonar ce ta Barau. Dabinon na Iya Gaji ne. In ya faɗo muka tsinta, ita ce ke bin mu da kara. Barau ko kallonmu ba ya yi."

Malam ya san al'adar, a cikinta aka haife shi: a ƙasar nan gona daban, itacen da ke cikinta daban. Mutum yakan gaji dabino ko ɗorawa a gonar wani, gonar ta sauya hannu sau uku, itacen yana nan na mai shi. Ya tambayi Barau gabas da yamma, kudu da arewa, ya zagaya iyaka da ƙafarsa. Bai tambayi abin da ke tsaye a tsakiya ba.

Da gari ya waye ya ce ta sa mayafinta ta nuna masa gidan tsohuwar. Suka same ta tana ba awaki dusa.

"Sannu, Malam. Ka kawo mini ɓarauniyar dabinona har gida?"

"Na kawo ta ta ba da shaida, Iya. Biyun nan na gonar Barau, naki ne?"

"Ubana ya dasa su shekarar da aka haife ni. Ƙannena sun raba gona, ni aka bar mini itace. Dagaci ya sani, in bai tsufa ya manta ba."

"An zo an tambaye ki kafin a ba da filin?"

"Wa zai tambayi tsohuwa?"

A filin sun tarar da Ɗanmusa da masu gatari uku, an riga an ɗaura igiya a jikin dabino ɗaya. Malam ya yi sallama, ya ja wakili gefe, amma ba nesa da yadda Mu'minatu ba za ta ji ba. Ya gaya masa yadda abin yake, bai rage komai ba.

Ɗanmusa ya yi dariya. "Malam, wa ya rubuta takardar?"

"Ni."

"To, takardarka ta ce fili namu ne."

"Fili naku ne. Itace ba ya cikinta, kuma Barau ba zai ba da abin da ba nasa ba."

"Tsohuwar tana da ɗa namiji?"

"Ba ta da shi."

"To wa zai kai ƙara? Kafin azahar sun faɗi, kafin Juma'a an manta. Maigida Maharazu ba zai ji ka yi tuntuɓe ba, ni ma ban ga komai ba." Ya matso ya rage murya. "Wai geron wa kake ci ne, namu ko na tsohuwa?"

"Naku, ranka ya daɗe. Shi ya sa na zo wurinka da safe, ban bari ɗan sandan alƙali ya zo da yamma ba. Mutanen da za su kawo maka gyaɗa bana, kowannensu yana da itace a gonar wani. Suna kallo."

"In na ce a sara fa?"

"Ba ni da ƙarfin riƙe gatari. Amma zan rubuta wa maigida cewa na hana, don shi ya ɗauke ni, ba kai ba. In aka ja ginin taku ashirin gabas, aka bar mata hanya, ɗakin zai shiga ba a taɓa komai ba. Na auna ɗazu."

Ɗanmusa ya dubi masu gatari, ya dubi mutanen Yalwawa da suka fara taruwa a bakin hanya. "Ku kwance igiyar," in ji shi. "Malam zai rubuta wa maigida. Kai kuma Malam, ka sa har da wanda ya manta bai yi tambaya ba."

"Da shi zan fara."

A nan ƙarƙashin dabinon Malam ya zauna ya fito da tawada. Da ya gama ya karanta wa Ɗanmusa wasiƙar daga farko har ƙarshe, don kada a ce ya yi maganarsa a bayan ido. Layin farko shi ne: kuskuren nawa ne.

Kwana tara ɗan aike ya yi kafin ya dawo daga Kano. A kwanakin nan ba a kira Malam gidan ciniki ba ko sau ɗaya. Mu'minatu ta lura innarta ta fara rage hatsin da take ɗebowa daga rumbu. Wata safiya ta tsaya a bakin zaure tana wasa da bakin zanenta.

"Baba, da ban faɗa ba fa?"

"Da an sare, da kuma na ci amanar gida biyu ban sani ba. Kin yi daidai. Je ki ɗauko allonki."

Amsar Maharazu gajeriya ce. A ja ginin gabas. Malam ya ci gaba da aikinsa, amma babu rigar Sallah bana, saboda kwana taran da magina suka yi a zaune. Daga yau kuma kada wakili ya karɓi fili ko ya sa gatari sai malamin gida ya je ya gani da idonsa.

Ɗanmusa bai sake kiran Malam cin abinci tare da shi ba, sai dai gaisuwa da takarda. Iya Gaji ba ta zo godiya ba, don a ganinta ba a ba ta komai ba face abinta. Da kaka jaki ya tsaya a ƙofar gida kamar kullum.

Mu'minatu ta daɗe tana tsammanin rubutu ne aikin babanta. A shekarar nan ta gane cewa ana ba shi hatsi ne don ya faɗa wa iyayen gidansa abin da ba sa son ji, ko da laifin nasa ne.