Garin Kwaki a Sabon Lagireto

Tun da suka dawo daga masallacin Juma'a Haladu ya kasa zama. Ya duba agogo, ya leƙa sama, ya zagaya motar, ya sake duba agogon kamar wani ya ce masa ya tsaya. Motar ja ce, mai ƙofa biyu, 'yar tsere, ta ba shekara ashirin baya, kuma ta zaɓi wannan makon ta fara ɗigar da ruwa a tsakar gidansa na unguwar Al Thumama a birnin Doha.

Ba don kansa yake wannan rawar ƙafa ba. Yayansa Faruk, wanda ya yi shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas har ya ɗauki nauyin karatunsa, ya zo Doha neman maganin ido. Likitoci sun ce sai haƙuri. Da rana yana ɗan gani dishi-dishi, da magariba ta yi kuwa shi ke nan. Gobe da safe jirginsa zai tashi, ga shi Haladu ya yi masa alkawarin zagaya Corniche, babban titin bakin teku, a jar motar da hotonta kawai ya sani.

Bai gaya wa Yaya zancen yoyon ba, don kada ya damu. Da sassafe ya kira abokinsa Alidu, bakanike mutumin Zangon Kumasi, suka kwance tsohon lagireto suka ɗaura sabo fil, sannan suka fita sayen ruwan sanyaya inji. Yanzu Alidu ya zuba ruwan, ya murza mukulli. Injin ya ɗauka da gurnani mai daɗi. Minti biyar ba a yi ba allurar zafi ta fara hawa.

"Kashe! Kashe!" in ji Haladu.

Alidu ya taɓa tiyon sama ya janye hannu da sauri, ya taɓa na ƙasa ya ji shi sanyi ƙalau. Suka jira injin ya huce, jiran da Haladu ya yi shi yana safa da marwa tsakanin ƙofa da mota. Da aka buɗe murfin, Alidu ya tsoma yatsa ya ciro wani abu mai kauri, ya shinshina.

"Injiniya, wannan mota ya sha koko," ya faɗa da Hausarsa ta Zango. "Wa ya ba shi gari?"

Daga inuwar bango, inda yake zaune a kujerar roba, Yaya Faruk ya yi gyaran murya.

"Ni ne. Da kuka fita na ji ɗis-ɗis a ƙarƙashinta. Na ce Atine matar Haladu ta ba ni garin kwaki kofi ɗaya. Zafi zai kumbura shi ya toshe hujin. Ya tsaya ko?"

Ragowar ruwan tsohon lagireton ne yake ɗiga, amma ina Yaya zai ga cewa na cikin sabo ne? Wata magana mai zafi ta taso wa Haladu har maƙoshi. Ya dubi tsohon, wanda ya ɗago fuska yana jiran a yaba masa, sai tausayi ya kama shi, ya haɗiye ta.

"Ya tsaya, Yaya. Sannu da aiki. Ɗan wankewa kawai za mu yi."

Ɗan wankewa, wai! Sai da suka sake kwance komai. Alidu ya zura tiyon famfo a lagireton, garin yana fita kamar amai, Haladu yana riƙe da sifana yana ta "yalla, yalla", wato maza-maza da Larabci, kamar ihu zai ƙara wa ruwa sauri. Wata ƙusa ta faɗa ƙarƙashin inji, suka yi ta lalube. Aka kira la'asar, suka yi salla da baƙin mai a gwiwar hannu. Inuwar bango ta miƙe har ta cinye motar.

Sai wajen ƙarfe biyar Alidu ya ce, "Halas, an gama," allura kuwa ta tsaya a tsakiya.

Haladu ya tuƙa kamar ana binsa, amma cunkoson yammacin Juma'a bai san alkawari ba. Suna hawa Corniche fitilu suka kama, rana ta riga ta faɗa bayan dogayen gine-gine. Zuciyarsa ta karye. Ya fara zuba bayani da sauri, ga jiragen katako can a bakin ruwa, ga masu tattaki, ga teku ta yi kaza.

"Yi mini shiru," in ji Yaya.

Ya rufe idanunsa ruf, ya ɗora tafin hannu a gaban motar, ya karkata kai yana saurare.

"Sa mata giya na uku. Yauwa. Ka ji? Ba ta zafi ko kaɗan." Ya yi murmushi. "Kar ka raina garin nan, Haladu. Sau nawa ya fitar da ni daga dajin Jebba? Shi ya kai ka jami'a."

Haladu ya share ido da bayan hannu. Ya sa mata na huɗu.