Ɗamarar Tankin Kifi

Auta yana tsaye a kan kujera da zarto a hannu, yana yankan baƙar robar da ta ratsa saman tankin kifin daga gaba zuwa baya. Tankin ya kusa cinye bango guda na ɗakin jira a asibitin haƙori. Ya fi gado tsawo, ruwansa kuma na gishiri ne irin na teku. Kifayen ciki ba na ci ba ne. Akwai rawaya, akwai shuɗi kamar an rina shi, akwai wani mai ƙayoyi a baya da ke yawo a hankali kamar shi ya gina asibitin.

Shi Auta aikinsa tagogi ne, na alminiyam da gilashi, bai taɓa gyara tankin kifi ba. Yayarsa ce ta jawo masa aikin, ita ce ke zama a tebur tana ba marasa lafiya lamba. Da Likita ya ga robar da ta zagaye bakin tankin ta tsattsage, gishiri ya yi mata fari, sai ya tambaya ko akwai wanda ya san mai gyara. Yaya ta ce ƙanenta gwani ne, irin wannan tankin ya gyara su ba adadi. Da safe a hanya ta ja masa kunne. Ta ce Likita ya fi son kifayen nan a kan mutane, in aka samu matsala ita za a kora, ga yara a makaranta.

Robar bakin ta fito salin alin. Saura ta tsakiya, wadda ta tsage rabi. Auta ya dube ta ya ga ado ce kawai, ya ci gaba da yanka. Da zarto ya kai ƙarshe sai ya ji ƙas! Robar ta rabu, bakunan biyu suka ja da baya har yatsa zai shiga tsakani. Ya leƙa ƙasa. Gilashin gaba ya turo ciki waje, kamar mutumin da ya ƙoshi ya kwance ɗamara.

Ya diro daga kujera ya rungume tankin, ƙirji da kunci manne da gilashi.

"Yaya," ya ce da ƙaramar murya.

Ba ta ɗago ba. "Ka gama?"

"Zo ki ji."

"Faɗi daga nan, aiki nake."

"Ba ta faɗuwa daga nan."

Ta taso tana jan takalmi, ta tsaya a kansa. "Me nake gani haka? Bankwana kake da kifin?"

"Robar nan ashe ba ado ba ce. Ita ke riƙe da gilashin."

"To mayar da ita."

"Na yanke ta."

Yaya ta ɗora hannu biyu a ka. Sai ta tuna ana kallonta, ta yi kamar ɗankwali take gyarawa. "Na shiga uku," ta ce ta cikin haƙora. "Kai dai tun kana goye kake ba ni wahala. In ka saki me zai faru?"

"Teku za ta zo ɗakin nan."

Daga ɗakin ciki ana jin kukan injin haƙori. Likita yana kan wani dogon aiki, kuma in yana aiki ba a ƙwanƙwasa masa ƙofa ko gobara ce. Auta ya ce in aka rage ruwan, gilashin zai koma. Yana da sandar alminiyam ɗaure a babur, zai lanƙwasa bakunanta ta kama gaba da baya.

"Sai a zuba ruwan a kwata," in ji shi.

"Wane ruwan? Gishirinsa daga nesa ake kawowa, Likita da kansa yake aunawa kamar maganin jariri. Ɗigo ɗaya ya zube sai ya sani."

"To a samo bokitai. Amma wa zai riƙe mini nan?"

Yaya ta juya ta dubi masu jira. Akwai wata tsohuwa da ta ɗaure kumburarren kuncinta da gyale, da wani malamin makaranta a bayan jarida, da wani ƙaton direban babbar mota wanda ya tallabe haɓa, hawaye na bin gemunsa. Ta nufi direban.

"Bawan Allah, don Allah ɗan jingina a nan."

Direba bai da bakin musu. Ya taso ya yi yadda ya ga Auta ya yi, ƙirji da kunci, Auta ya zame ta ƙarƙashin hammatarsa. Can sai direba ya saki wani dogon numfashi.

"Sanyi," ya ce. "Kai! Sanyi."

"Me ya ce?" in ji tsohuwa.

"Ya ce sanyi, Iya."

Iya ta kwance gyale, ta tako a hankali ta manna nata kuncin. Sannan ta zungure direba da gwiwar hannu. "Matsa, ɗan nan, ba kai kaɗai aka kawo wa ba."

Malamin makaranta ya sauke jarida ya ce shi bai ga wata hujja a wannan ba, gilashi ba magani ba ne. Ya ƙara karanta layi biyu, ya naɗe jaridar, ya je ya samu gefe.

Auta ya zura tiyo a ruwan ya zuƙa don ya jawo shi, ya cika baki da gishiri har idonsa ya kawo ruwa. Mai gadi ya shiga kawo duk abin da ke da ciki a asibitin. Bokitai suka cika. Aka juye robobin ruwan sha aka cika su. Aka ɗauko bahon da nas ke jiƙa tawul, da tulun furanni, da kwandon shara na roba bayan an ɗauraye shi, da tukunyar shayin mai gadi. Direba ya ce yana da jarka a mota. Mai gadi ya je ya shinshino ya dawo ya ce warin man mota take yi, in ana son kifin su tashi da gudu, to a kawo ta.

Ana cikin haka wata mata ta shigo riƙe da kunci. Ta tsallake baho, ta dubi mutane jere da fuska a gilashi.

"Nan ake bin layi?"

Yaya ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Nan ne. Sabon tsari ne. Ga lambarki, ɓangaren da ke ciwo shi za ki manna."

Wani ya zo ya ce shi duka ɓangarorin ne. Yaya ta ce ya riƙa juyawa. Wani saurayi da ya kawo saƙon kwali ya ce shi haƙoransa lafiya lau, Yaya ta ce rigakafi ya fi magani, ta karɓi kwalin ta nuna masa wuri. Har aka fara gardama a kan gefen da kumfa ke tashi, don an ce nan ya fi sanyi. Kifin mai ƙayoyi ya zo ya tsaya daidai hancin direba, ido cikin ido.

"Wannan kallona yake," in ji direba.

"Ƙyale shi," in ji Iya. "Ƙila shi ma haƙorin ne."

Ruwa ya sauka har ƙayoyin kifin suka fara leƙowa waje, kuma ba sauran abin zubawa. Auta ya auna sandar, ya lanƙwasa bakunanta a kan dakalin ƙofa, ya naɗe su da roba don kada ƙarfe ya ci gilashi, ya huda ya sa noti. Ya hau kujera ya maƙala bakin baya. Ya kama. Na gaba ya ƙi. Abin da ya rage bai kai kaurin farce ba.

"Ku ɗan ƙara turawa. A'a, a hankali! Kamar za ku rufe ƙofa jariri na barci."

"Mun zo cire haƙori an mai da mu 'yan dako," in ji Iya, amma ba ta ɗaga kuncinta ba.

Suka tura. Sandar ta ƙi. Auta ya share gumi, ya dubi Yaya, Yaya ta dubi ƙofar ciki. A daidai nan kukan injin ya tsaya.

Ƙofa ta buɗe. Wani mutum ya fito da auduga cike da baki, ya ga abin da ake ciki, ya raɓa bango ya fice. Sai ga Likita, gajeren mutum cikin farar riga, takunkumi rufe da hanci da baki, nas a bayansa.

Likita ya bi tsakanin bokitai a hankali. Ya ɗaga murfin tukunyar shayi, ya leƙa, ya mayar. Ya dubi guntun robar da ke ƙasa, ya dubi Auta a kan kujera, ya leƙa ta tsakanin kawunan mutane yana neman kifayensa. Yaya ta koma tebur. Ta cire katin aikin da ke rataye a wuyanta ta ajiye, ta jawo jakarta, ta fara sa kofinta a ciki.

"Me suke yi?" in ji Likita. Muryarsa ta fito a daƙile.

Iya ce ta amsa. "Magani muke sha, ɗana. Kai ka daɗe a ciki."

Likita ya dube ta. "Yana aiki?"

"Ranka ya daɗe," in ji direba, "tun da ciwon nan ya kama ni ban ji daɗin duniya ba sai yau."

Likita ya sa yatsa ya ja takunkumin ƙasa. Kuncinsa na hagu ya kumbura suntum, kamar ya ɓoye ƙwai a ciki. Nas ta kau da kai tana kallon silin. Likitan haƙori dai ba ya iya leƙa bakin kansa, kuma ya fi kowa sanin abin da injin nan ke yi wa mutum.

Ya matso yana neman wuri. Malamin makaranta ya fara matsawa, sai Iya ta miƙa hannu ta tare.

"Layi ake bi. Ina lambarka?"

Likita ya juya ya dubi Yaya, jaka a kafaɗarta. "Ba ni lamba."

Yaya ta tsaya kamar ba ta ji ba. Sannan ta sauke jakar, ta fito da kofin ta mayar inda yake, ta rataya katinta, ta yago lamba ta miƙa masa. Likita ya shiga tsakanin Iya da direba, ya manna kuncin, ya lumshe ido.

A saman kujera, Auta ya ji sandar ta zame a ƙarƙashin tafinsa ta shige ƙyat. Ya girgiza ta, ba ta motsa ba. Ya ɗaure notin tamau. Yaya ta ɗago ta tambaye shi da ido, ya gyaɗa kai. Ta dubi Likita, wanda kafaɗunsa suka fara sauka, bakinsa ya ɗan buɗe. Ta sake duban Auta, ta girgiza kai kaɗan.

Auta ya mayar da sifana kan notin da ya riga ya ɗauru, ya shiga juya hannu a iska.

"Kada kowa ya motsa," ya ce a hankali. "Da saura."