Fatta Ba Ta Jiran Gaisuwa

Shekara talatin Abu Haisam yana cika baki cewa duk unguwar Midan babu fatta irin tasa, kuma a shekara talatin ɗin nan ko ludayi bai taɓa juyawa a tukunya ba. Duk safiyar Juma'a matarsa Najah ce ke yayyanka gurasar jiya a ƙaton kwano, shi kuma ya rungumi kwanon zuwa shagon Abu Subhi. A can za a jiƙa gurasar da romon waken hummus, a zuba waken, a kwarara kindirmo da markaɗaɗɗen riɗi, a ƙona man shanu a watsa a kai, fatta ta haɗu ke nan. Sai ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai. Mu mazan Dimashƙa haka Allah ya yi mu, ɗaukar kwano ma a wurinmu girki ne.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abu Subhi ya rufe shago ya tafi Umara a daidai makon da Lamis, autar Abu Haisam, za ta zo daga Sweden da mijinta Kinan. Shekara bakwai rabonta da gida. Jirginsu zai sauka da asubar Juma'a, su koma ranar Alhamis, wato Juma'a ɗaya tak. Kuma abu guda ta roƙa a waya: "Baba, fattarka nake so."

"Shago ɗaya ne a garin?" in ji Najah. "Ka kai kwanon gaba mana."

"Kwanon nan ya shiga shagon wani? Abu Subhi ya dawo in dube shi da wane ido? Ni zan yi da hannuna."

"Da wane hannun? Wanda bai san inda ashana take ba?"

"Ummu Haisam, shekara talatin ina kallon yadda ake yi."

"Ni ma shekara talatin ina kallon masu tuƙa mota."

Bai kula ta ba. Tun hantsin Alhamis ya jiƙa wake da 'yar kanwa, yana leƙa shi kamar mai jinya. Da ya idar da sallar asuba ya ɗora tukunya, ya daka tafarnuwa, ya matse lemon tsami har ya fantsa masa a ido. Abin haushi ga Najah, waken ya nuna luguf, kindirmon ma ya yi daidai. Ta ɗanɗana, ta rasa abin kushewa, sai ta ce, "Saura ɗaya. Kar ka haɗa sai kowa ya zauna da cokali a hannu. Mutum ke jiran fatta, ita ba ta jiran kowa."

"Ni za a koya wa?" in ji shi.

Ƙararrawar ƙofa na bugawa, zumuɗi ya kwashe shi. So yake ƙamshin man shanu ya riga shi tarar 'yarsa. Ya juye romo kan gurasa, ya zuba wake, ya kwarara kindirmo, ya watsa mai ya ce cuuu, ya ajiye kwanon a tsakiyar tebur, ya ruga.

Abin da ya manta, mu ba ma gaisuwa a gurguje. Lamis ta faɗa jikinsa, suka yi kuka. Ta koma jikin uwarta, aka sake sabon lale. Sai yayarsa, Gwaggo Wisal, ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu tana yi mata addu'ar ƙauna irin tamu, "Allah ya sa ke za ki binne ni, 'yar nan. Can ba sa ba ki abinci ne?" Aka tambayi lafiyar iyayen Kinan, da kawunnansa, da ƙafar kakarsa.

Abu Haisam ya tuna da kwanon. Zuciyarsa na can kan tebur, amma da suka iso ƙofar ɗaki sai ya ji bakinsa na cewa, "Bismillah, Kinan, shiga."

"A'a, Kawu, kai ne babba."

"Kai ne baƙo. Wallahi ba na shiga sai ka shiga."

"Kawu, kar ka sa ni kunya."

Ya san fattar na can tana mutuwa, ya san shi ke kashe ta, amma ya riga ya rantse. Da aka samu aka shige, aka sake irin wannan a kan kujera, sannan a kan wanda zai fara sa cokali.

Lamis ce ta sa. Cokalin ya tsaya cak. Gurasa ta shanye romo ta dame, man shanu ya fara daskarewa a sama. Kunya ta rufe Abu Haisam, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

"Kar ki ci, 'yar Baba," ya ce. "Gaskiya ɗaya ce. Ubanki bai iya fatta ba, ɗan aike ne. Yau da na yi da kaina, ga abin da na haifa."

Ta kai loma. Ta ƙara ta biyu. Sai hawaye, tana dariya a ciki.

"Ta kai haka muni?" in ji Najah.

"Mama, ita ce." Ta share ido da bayan hannu. "Na yi ta a can ya fi sau ɗari. Na canja wake, na canja mai, ina gamawa in ci da zafinta yadda kowa ya ce, ba ta taɓa zama ta gidanmu ba. Sai yanzu na gane. Baba, daga shagon Abu Subhi zuwa nan taku nawa ne? Amma ba ka isowa sai ka gaisa da mai aski, da liman, da duk wanda ya buɗe taga. Mu tun muna yara ba mu san wata fatta ba sai wadda ta gaji da jira."

Abu Haisam ya dubi 'yarsa, ya dubi kwanon. Sai ya sa hannu biyu ya tura kwanon gaba ɗaya gabanta.