Ruwan Sanyi da Gishiri

"Aje tsumman nan, Malam. Kana gogawa kana ƙara tura shi ciki."

Abin da na ce wa Malam Yahuza ke nan ranar da na fara shiga falonsa. Na iske shi durƙushe a kan kafet, hannu ɗaya dafe da kujera, ɗayan yana dirzar aman mage kamar mai wankin tukunya. Magen tana bisa taga tana lasar ƙafa, ko a jikinta.

"To, Sarkin Fawa, zo ka gwada muna naka ilimin," in ji shi.

Haka yake kirana don tsokana. Sunana Jatau. Sarauta ban taɓa riƙewa ba, amma shekara arba'in da wani abu na yi ina fawa a kasuwannin Kwatarkwashi da Bungudu da Tsafe, kuma ban ga mahaucin da ya fi ni hannu ba. Ban taɓa shiga aji ba. Cutar agana ta kama mu mu bakwai a gidanmu, ni kaɗai na tashi. Wani sa ya taɓa ɗaga ni da ƙaho, kafin la'asar shi ake gasawa. 'Yan bindiga sun riƙe ni kwana goma sha tara a daji, na fito da ƙafata. Mata biyu na binne, 'ya'ya sun watse kudu neman abinci, ƙauyenmu ya tashi. Da na faɗo Gusau, Malam Yahuza ne ya buɗe mini shagon da ke jikin gidansa a Damba ya ce in zauna.

Shi tsohon akawu ne, ya yi ritaya. Matarsa Hajiya Nana ta rasu shekara biyu kafin zuwana, ta bar masa gida mai ɗaki huɗu da mage ɗaya. 'Yarsu tilo, Muzdalifa, tana aure a Kaduna. Ita ta sayo masa kafet ɗin, shuɗi mai kauri, da kujerun kushin guda uku waɗanda ba mai zama kansu sai shi da magen.

Na koma shago na ɗauko tsohuwar wuƙata da toka mai sanyi cikin sakaina. Da bayan wuƙar na kwashe aman, daga gefe zuwa tsakiya. Gashi ne dunƙule da wutsiyar ƙadangare. Na barbaɗa toka na ce a bar ta ta sha danshin.

"Toka bisa kafet ɗin Muzdalifa? Kai ko ka san kuɗinai?"

"Kai da ka san kuɗinai ga abin da ka yi mai. Zauna, Malam. Wanga ba aikin biro ba ne."

Da tokar ta bushe na share ta, na kawo ruwa mai ɗumi da ɗan omo, ina dannawa da tsumma ina ɗagawa. Na ƙarasa da ruwan lemun tsami saboda ƙarni. Da wurin ya bushe, ya sa tabarau ya neme shi ya rasa.

Tun daga ranar aikin ya zama nawa. Magen ta tsufa, cikinta ba ya riƙe abu, sati ba ya wucewa ba ta zubar ba, yau a kafet, gobe a hannun kujera. Sai ya leƙo ƙofar shago ya ce, "Sarkin Fawa, an yi maka aike." In na gama ya dafa shayi mu sha. Ina ba shi labarin shanun da na kayar, yana cewa kowane sati bijimin da ya ɗaga ni ƙara girma yake. Ban da ni da mai kawo masa abinci daga gidan wata ƙanwarsa, wani lokaci sai a kwana uku ba wanda ya yi sallama a gidan.

Da damina ta kankama na ga rigunansa sun fara yi masa yawa. Tuwon da ake kawowa, mage ke cin miyar, ni in ci saura. Na yi magana, ya ce tsufa ne.

Wata Talata da hantsi ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na shiga da wuƙata da tokata. Abin yana gaban kujerarsa, ya ɗan fallatsa jikin kushin. Baƙi-baƙi ne, da tsaki-tsaki kamar dusar gero da ta jiƙa. Ba gashi, ba ƙashi.

"Ta sake," ya ce, yana kallon taga.

Magen kuwa tun asuba tana kwance kan buhuna a shago. Ni na tsallake ta na fito.

Mutumin da ya fasa tumbin dabba ya fi dubu ba a ɓoye masa irin wannan. Na san jinin da ya fito yanzu, na san wanda ya kwana a ciki. Na durƙusa na daɗe ina kallo. Ya miƙa hannu zai kunna risho ya ɗora ruwa kamar kullum.

"Bari ruwan zafin nan," na ce. "Na randa nika so, mai sanyi. Da gishiri."

"Yau kuma sabon salo?"

"Ruwan zafi dafa shi yakai, ya kama zare har abada. Kowane mahauci ya san haka."

Ya janye hannunsa daga rishon. Ni na tashi na ɗebo ruwan da kaina, na samo gishiri a kicin ɗin Hajiya Nana cikin wata robar da ta yi ƙura. Na jiƙa wurin, na zuba gishiri, ina dannawa ina matsewa a bokiti. Ruwan bokitin ya koma kalar tsatsa. Duk muna ganinsa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun bayan ƙaramar salla. Da can a bayi nike yi. Yanzu ƙafa ba ta kai ni."

"Ka ga likita?"

"Na gani. Ya ce abin ya fi ƙarfin nan, sai babban asibiti, can wajen su Muzdalifa." Ya gyara zama. "Ran Juma'a Muzdalifa tana tafe. In ta ga wanga, mota za ta sa ni."

"To ta sa ka mana. Ɗiyarka ce."

"Haka anka sa Nana. Kwana goma sha ɗaya ta yi, da roba a hanci, tana tambayata wa ke ba magenta abinci. Can ta cika, can anka rufe ta. Sau ɗaya na koma, Jatau, na kasa gane kabarin. Sun yi yawa, ba wanda ya san ta." Ya maida numfashi. "Ubana na nan maƙabartar bayanmu, da uwata, da yayyena biyu. Nan nika so a kai ni, a kafaɗar mutanen da sunka san sunana."

Ranar ce kaɗai ya kira ni Jatau.

Na ce masa ni ban iya ƙarya ba. Ya ce, "Kai? Bijimin da ya ɗaga ka, bara ƙahonsa kamu biyu ne, bana ya kai uku." Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Kafin Juma'a sau biyu na sake ɗebo ruwan randa. Ba yabon kai ba, aikin da na yi a falon nan ko masu wankin otal ba za su yi shi ba. Na cire rigar kushin na wanke na shanya a ɗaki don kar maƙwabta su gani. Na taje gashin kafet da tsohon buroshi har ya kwanta gefe ɗaya. Safiyar Juma'a na yi masa aski, na zaɓo masa babbar riga mai ɓoye rama, na sa turaren wuta.

Muzdalifa ta iso bayan an sauko masallaci. Ta zauna a ƙasa gaban kujerar ubanta, daidai wurin, har tana shafa kafet ɗin da tafin hannu tana cewa, "Baba, ashe kana kula da shi." Ya ci lomar shinkafa biyar a gabanta. Ni na san abin da lomar nan biyar ta ci masa.

Ranar Lahadi da za ta koma, ta tsaya a ƙofar shagona, direba yana jira.

"Baba Jatau, na ga ya faɗa. Kuma jiya ina ɗaki na ji kamar ana kakarin amai a falo. Da na fito ya ce mage ce."

Na tsaya gaban masu bindiga ban sunkuyar da kai ba. Ranar sai na sami kaina ina gyara igiyar takalmi.

"Magen nan ta tsufa, ɗiyata. Kullum cikin aikinta nike."

"In wani abu ya taso za ka kira ni?"

"In sha Allahu."

Ta sa lambarta a wayata, ta nuna mini inda zan danna. Motar ta tashi, na shiga na ɗebo ruwan randa. Ya rufe wurin da darduma tun jiya.

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara. Na daina kawo toka. Salla a zaune yake yi, daga baya a kwance. Kullum sai na ce, "Malam, in danna?" ya ce, "Bari sai gobe." Ni da ba a taɓa juya ni ba, sai ga akawu yana juya ni da murya wadda ko ƙuda ba za ta kora ba.

Ranar Alhamis wajen azahar ana yayyafi, ya ce in buɗe taga yana son jin ƙanshin ƙasa. Na buɗe. Ya ce, "Yanzu danna." Na danna, na kara masa a kunne. Ya ce mata, "Ki taho, amma kar direba ya yi gudu." Bai ƙara ba. Na ajiye wayar na riƙe kansa, ina yi masa kalmar shahada yana bi da leɓe. Magen tana kan ɗaya kujerar. Kafin a kira la'asar ya cika, a falonsa, a kan kujerarsa.

Muzdalifa ta iso bayan magariba. Da safe aka yi masa sutura. Mutanen da ban taɓa gani a gidan ba suka cika layi, tsofaffin ma'aikata da dangi daga cikin gari, kowa yana cewa Yahuza kaza, Yahuza kaza. Da ƙafa muka kai shi. Na karɓi makara sau uku, da tsufana, ba wanda ya iya ture ni. Aka sa shi taku kaɗan daga kabarin ubansa. Wani tsoho ne ya nuna wurin, bai ko yi kokwanto ba.

Da muka dawo tabarmi suka kasa masu zaman makoki. Bashar, mijin Muzdalifa, ya ce a fito da kafet ɗin falo a shimfiɗa a ƙofar gida. Muka shiga ni da shi, ita tana tsaye bakin ƙofa da jajayen idanu. Muka janye kujeru, muka kama gefe muka fara naɗewa.

Ban taɓa ɗaga kafet ɗin nan ba. Sama na sani, sama na wanke. Ashe duk ruwan da nake dannawa ƙasa yake bi. Bayansa fari ne, kuma ga su nan a jere gaban inda kujerar take, manyan tabo masu kalar tsatsa, wani kan wani, har sun kama siminti. Na mage suna can gefe, ƙanana, rawaya-rawaya.

Bashar ya ce, "Wannan magen ta yi ɓarna."

Muzdalifa ta matso ta durƙusa. Ta sa yatsa a kan mafi girma, ta daɗe. Ta ce wa mijinta ya je ya ga baƙi. Da ya fita ta ɗago.

"Baba Jatau, wannan na ranar da na zo ne?"

"Na ranar shi ne wancan na gefe. Wanga na bayan tafiyarki ne."

"Na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

"Da na sani da na ɗauke shi."

"Shi ya sa."

Na jira ta zage ni. Da ta yi, da na ji sauƙi. Na ce mata ya ce a kai shi kusa da ubansa, kuma an kai shi. Ta ce, "Ni ma ubana ne. Kwana goma sha ɗayan nan da ni ya kamata ya yi su, ko a nan ne." Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba, ko sau ɗaya. Shi ma ban ji ya kawo ba. Mu biyu muka zauna muka yanke, kamar ba za ta iya zama a Gusau ta riƙe kansa ba.

Na ci gaba da naɗe kafet ɗin.

Ta share fuska da gefen hijabi, ta kama ɗaya gefen kafet ɗin. "Kama mu fitar. Mutane na tsaye."

Muka kai shi zaure, maza suka karɓa suka shimfiɗa a ƙofar gida, shuɗin a sama, tsaf kamar sabo. Manyan mutane suka cire takalma suka hau. Liman ya matsa ya nuna mini wuri kusa da shi, ya ce, "Bismilla, Jatau, kai ne na kusa."

Na ce masa ƙafata ba ta son laushi. Na koma bakin shagona na zauna a ƙasa. Ƙasar da sauran danshin ruwan jiya, yana ratsa wandona. Aka ɗaga hannu ana addu'a, magen ta fito daga zaure ta ratsa tsakanin takalman mutane, tana shinshina su ɗaya bayan ɗaya.